Ranar Asabar Zan Sauka Daga Kunyar Gona

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima, Ya yalwata makwancinki, Ya haɗa ki da Baba a inuwa ɗaya. Mu nan lafiya lau muke. Yaya Binta da yaranta suna gaishe ki daga Garun Malam, in dai ana gaishe da wanda ya riga mu. Kawu Idi yana nan, sai ciwon gwiwar da kika san shi da shi. Sakamakon jarrabawarmu ya fito, na gama lafiya, yanzu kiran hidimar ƙasa nake jira. An yanke shinkafar rani a gonarki. Ta yi kyau daidai gwargwado, in ban da ɓangaren can ƙarshe da bai sha ruwa yadda ya kamata ba.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, kuma na san waɗansu ne za su karanta ta a madadinki. Duk da haka ke nake so in gaya wa, domin maganar tsakanina da ke ce.

Ranar Asabar mai zuwa zan shiga gasar takwando, wasan nan na shuri da naushi, a cikin Kano. Karawa ce, Inna, mutum da mutum. Ba irin wadda kika sani ba ce.

Kin tuna hutun da na fara dawowa da fararen kayan nan, na wanke na shanya a igiyar tsakar gida? Kika fito daga madafa kika tsaya kina kallonsu, kika ce, "Auta, wannan fari fat haka, sai ka ce..." Ba ki ƙarasa ba, kika yi a'uziyya. Sannan kika tambaye ni ko ana duka a wasan. Na gaya miki gaskiya, akwai ɓangaren da ake duka, akwai kuma wanda mutum yake tsayawa shi kaɗai ya jera motsin da aka koya masa ana duba kyan tsayuwarsa, kuma a nan nake. Kika ce, "Wato iska kuke duka?" Na ce e. Kika yi dariya har kika dafa bango, kika ce, "To daki iska, ita ba ta da dangin da za su biyo mu gida."

Duk zamana a jami'a iska na daka, kuma na iya. In aka zo karawa sai in riƙe agogo, ko in ɗauko ruwa, ko in tuna ina da aikin aji. Mai koyar da mu, Koci Ɗanladi, mutumin wajen Bunkure ne, ya daɗe yana lura da ni. Da na gama karatu ya kira ni gefe ya ce, "Injiniya, ka kai matakin jan ɗamara, na ƙwararru, amma ba ka taɓa tsayawa gaban abu mai numfashi ba." Na ɗauki jakata na tafi gida.

Abin da ya sa na koma na ce ya sa sunana a gasar, a taron masu ban ruwa ya faru. Kin san gonarmu a wutsiyar kanal take, babbar hanyar ruwan nan, ruwa sai ya bi ta gonar kowa kafin ya iso mu. Da aka zauna rabon ranakun ruwa na bana, ni na je a madadin gidanmu. Aka rage mana. Na san an rage, na san dalilin da aka bayar ba daidai ba ne, abin da na karanta ke nan a makaranta. Na miƙe zan yi magana, wani ya juyo ya kalle ni kawai, ba zagi ba tsawa. Sai na dubi ƙasa, na koma na zauna. Wannan ɓangaren da na ce miki bai sha ruwa ba, zamana ne ya jawo masa.

To yanzu sunana yana cikin masu karawa, kuma tsoro nake ji. Tsoro sosai, Inna. Abinci ba ya shiga. In na tsaya salla sai in rasa raka'a ta nawa nake.

Na karanta dokokin wasan har na haddace, ko zan sami sauƙi. Turmi uku ake yi, kowanne minti biyu, in masu shiryawa ba su rage ba. Ana sa rigar kariya a ƙirji, hula mai kauri a ka, roba a baki, da abin kare hannu da ƙwauri. Ba a naushi a fuska. Ba a dukan wanda ya faɗi. Akwai alƙali a tsakiya, akwai ma'aikatan lafiya a gefe. Ba a haɗa mutum sai da wanda suke aji ɗaya a nauyi, ni ina cikin 'yan ƙasa da kilo sittin da uku. Duk wannan gaskiya ne, kuma na so in tsaya a nan. Amma ba ki raine ni in ba ki rabin magana ba. Shuri a ƙirji maki biyu ne. Shuri a ka maki uku, ya fi haka in mutum ya juyo da shi. Wato duk wanda za a tsayar a gabana, kaina zai nema, kuma doka ce ta ba shi.

Kin san inda zuciyata take tafiya in an ce ka.

Ina firamare aka kawo Baba a kan amalanke. Ban ga faɗan da idona ba, don haka abin da na ji kawai zan maimaita. Ranar ruwanmu ce, maƙwabcinmu na sama ya toshe hanya ya juya wa tumatirinsa. Baba ya sauka daga kunya ya shiga gonar mutumin don ya buɗe, ya tattake masa dashe. Magana ta yi zafi. Ƙotar fartanya ce, sau ɗaya, saman kunnen hagu. Abin da na gani da idona shi ne bayan nan: kunnen da ya daina ji, hannun da yake zubar da koko kafin ya kai baki, da ranar da ya kalle ni ya kira ni da sunan ƙanensa da ya daɗe da rasuwa. Likita bai taɓa ce mana dukan ne ajalinsa ba, ni ma ba zan ce ba. Amma Baban da aka fita da shi gona da safen nan bai dawo ba, wannan kam ni da ke mun sani.

Daga nan kika ɗauki gonar a kanki, mutane suna ta magana, ba ki saurare su ba. Ni kuma kika ɗora ni a kan kunya. In za mu gona kina gaba ina baya, a kan siririn tudun nan da ya raba gonar wani da ta wani, faɗinsa bai wuce tafin ƙafa biyu ba, ruwa dama ruwa hagu. Kullum maganarki ɗaya ce: "Idonka a ƙasa, ƙafarka a kan kunya. Kada ka taka wa kowa shuka." In kuma wani ya taho daga gaba, ba a gwada ƙirji. "Kai ne yaro, ja da baya har inda za a iya wucewa." Na ja da baya wa dattawa, na ja wa masu ɗauke da buhun taki, na ja wa sa'o'ina ma, don ban ga amfanin tsayawa ba. Har na ƙware, ina iya tafiya da baya a kan kunya mai santsi ban waiwaya ba, ban zame ba. Kina alfahari da ni a kan wannan. Na taɓa ji kina gaya wa wata maƙwabciya cewa Autanki bai taɓa jawo miki sallama a ƙofar gida ba.

Ba ƙorafi nake yi ba, Inna. Na san abin da kike tsare ni daga gare shi.

Da na fara shirin gasar nan, ranar Asabar da Lahadi kawai nake samun shiga Kano wajen atisaye. Sauran ranaku ina gida, kuma a lokacin duk gonaki cike suke da ruwa. Tsakar gida ta yi kaɗan, filin makaranta kuwa yara za su taru a kaina. Sai na koma inda na saba, kan kunyar gonarki, bayan la'asar in ma'aikata sun tashi. A nan nake shiga gaba in yi shuri, in ja baya, in sake shiga. Na yi ta murna ma, ina ganin wanda ya iya shuri a kan kunya bai faɗa ruwa ba, ai tabarmar roba wasa ce a wurinsa.

Makon jiya Koci ya haɗa ni da Nura, wani ɗan Kumbotso, dogo, mai yawan dariya, ba shi da mugunta ko kaɗan. Aka ce mu fara. Ya taho, na ja baya. Ya ƙara tahowa, na ƙara ja. Kafin in ankara na fita daga layi, alƙali ya ba shi maki. Aka dawo da mu tsakiya, haka ta sake faruwa. 'Yan kallo suka fara kirana Malam Ribas, wani yana cewa a sa min ƙarar nan da motar kaya take yi in tana komawa baya. Na yi dariya tare da su don kada a ga fuskata.

A karo na uku ban kai layin ba. Ban ga ƙafar ba, Inna, domin ƙasa nake kallo. Sai dai na ji kamar an rufe ƙofar ƙarfe a cikin kaina. Gefen hagu ne. Saman kunne.

Ban faɗi ba. Nura ya riƙe ni yana cewa, "Yi haƙuri mutumina, wallahi na ɗauka za ka kauce." Koci ya cire min hula, ya sa na bi yatsansa da ido, ya tambaye ni sunana da ranar da muke ciki, na amsa daidai. Washegari na je asibiti da kaina, aka duba, aka ce ba komai, in huta kwana biyu. Kunnen ya yi ƙara zuwa yamma ya daina. Wannan shi ne abin da ya faru, ban ƙara ba ban rage ba. Amma tun ranar, in na ɗauki kofi sai na tsaya na kalli hannuna, ko yana rawa. Ina toshe kunnen dama in saurari kiran salla da na hagu. Jiya na zauna ina jera sunayen 'ya'yan Yaya Binta daga babba zuwa ƙarami, don in tabbatar suna nan.

Ranar Talata Koci ya zo gaishe da iyayensa, ya biyo ta garinmu Kura a kan babur ba tare da ya gaya min ba. Aka nuna masa gona. Ya same ni a kan kunya ina gaba ina baya. Ya daɗe a tsaye a bakin kanal yana kallo, sannan ya ce, "Ashe nan aka koya maka. Ni ina can ina ta neman laifina." Shi ma ɗan gona ne, bai buƙaci bayani ba. Ya ce filin karawa faɗinsa mita takwas ne, amma ni na ɗauko kunyar gidanmu na shimfiɗa a tsakiyarsa ina bi. Ya ce mai ja da baya a miƙe kyauta ne ga mai doguwar ƙafa, domin ya san inda kanka zai kasance kafin kai ka sani. Maganin ɗaya ne, in an taho maka ka goce gefe, idonka a kan ƙirjin mutum. Da zai hau babur ya ce, "Injiniya, ba shukar kowa a wurin nan. In ba za ka iya taka gefe ba, kada ka zo awon nauyi ranar Juma'a. Ba zan ji haushi ba. Na fi son ka da kanka a kan lambar yabo."

Ya ba ni ƙofar fita ke nan, kuma wallahi na so in bi ta.

Tunda an yanke shinkafa, gonarki ta bushe, sai kututture. Na sauka cikinta na roƙi Kawu Idi ya taimake ni. Ya cusa buhu da ƙaiƙayi ya ɗaura a bakin gora, yana kawo min shi saitin kai, ni kuma in goce. Kin san bakin Kawu. "Ɗan boko, an kashe kuɗi an kai ka jami'a, ka dawo buhu yana korarka." Kaina ya gane abin da ake so sarai. Ƙafata ce ta ƙi. Buhun na tahowa sai ta ja baya da kanta. In na tilasta mata ta taka gefe, sai in ji gabana ya faɗi kamar na yi sata, har in dubi ƙasa in ga me na taka. A gonarmu fa, Inna, a kan kututturen da ba mai so. Buhun ya same ni a ka ya fi a ƙirga. Kawu ya gaji ya zauna yana murza gwiwa, ya daina tsokana, ya ce, "Uwarka ta ɗaure ka da kyau."

Na zauna kusa da shi ina tunanin yadda zan gaya wa Koci na janye. Can sai ga shanun Fulani sun biyo gaɓar kanal za su sha ruwa, ƙurarsu tana tashi. Ina kallonsu sai wani abu ya dawo min wanda na manta shekara da shekaru.

Ba a daɗe da rasuwar Baba ba. Muna dawowa daga gona, kina gaba da ƙwarya a ka, ina baya. Wani bijimi ya ɓalle daga garke ya hau kunyar da muke kai, ya nufo mu a guje, makiyayin yana ihu daga nesa. Ni na yi abin da aka koya min, na sunkuyar da kai na fara ja da baya. Ke kuwa kika yar da ƙwaryar, kika cafki wuyan rigata, kika fizge ni gefe. Muka faɗa tsamo-tsamo cikin dashen Alhaji mai injin casa, mutumin da kowa yake shakka. Bijimin ya wuce ta daidai inda nake tsaye. Mun kwantar da shinkafa ta kai faɗin tabarma.

Na tuna ina kuka, ba don bijimin ba, don shukar. Ina cewa mun taka, mun taka. Kika share min laka a fuska da bakin zanenki, kika ce, "Shinkafa ce, Auta, za a sake dasawa. Kai wa zai sake dasa min kai?" Da yamma kika sa mayafi kika je gidan Alhajin da ƙafarki kika ba shi haƙuri, washegari kika kai dashe daga namu kika cike masa gurbin. Ba ki aika kowa ba.

Na gaya wa Kawu. Ya ce ya tuna, har Alhajin ya yi ta mita mako guda, ke kuwa kika ce ya yi mitarsa.

Ban san me ya sa wannan ranar ta ɓace min ba, na riƙe sauran. Wataƙila don sau ɗaya ta faru, waccan maganar kuwa kullum ce. Amma ke da kika ɗora ni a kan kunya, ke kika fara fizge ni daga kanta. Ba na so in sa miki magana a baki, ba ki nan balle ki gyara min. Ban san ko za ki yarda da gasar nan ba. Ina jin da kina nan da kin ɓoye fararen kayan a ƙarƙashin gado kin ce ɓera ya ci. Abin da na sani kawai shi ne, ranar da abu ya nufo kaina a miƙe, ba ki ce in ja da baya ba.

Na tashi na ce wa Kawu ya ɗauki gorar. Ba zan ce miki na iya ba. Wani lokaci ina gocewa, buhun ya wuce ta gefen kunnena in ji iskarsa. Wani lokaci ƙafar tana komawa halinta. In na ƙiyasta, gocewar ta fi rabi kaɗan, kuma buhun Kawu ba ya juyowa da dunduniya, ba ya yaudara, ba shi da niyyar cin gasa. Wanda zan tarar ranar Asabar ban san shi ba, sai an yi ƙuri'a. Yana iya zama wanda ya fi Nura tsawo. Ina iya gocewa dama alhali ƙafar ta dama take tahowa. Na san duk wannan.

Amma zan je awon nauyi ranar Juma'a bayan masallaci. Na wanke kayan, suna kan igiyar nan taki. Na gaya wa Koci in ya ga idona ya koma ƙasa ya tsayar da wasan, kada ya jira ra'ayina, ya ce dama ba zai jira ba. Na gaya wa Yaya Binta, ta yi faɗa ta yi kuka, sannan ta ce za ta yi sadakar ƙosai da safen. Ba lambar yabo nake nema ba. So nake in tsaya gaban mutum idona a buɗe har a busa, in dawo gida da kaina yadda kika bar min shi, in kira kowa da sunansa. In Allah Ya nufa haka, akwai taron rabon ruwa kafin noman rani mai zuwa, kuma wutsiyar gonarki tana jira.

Inna, ki yafe min in wannan ya saɓa wa abin da kike so. Ban taɓa ɗaga wa kowa hannu cikin fushi ba, kuma ba zan fara ba. Wanda za mu kara da shi ɗan wata ne, ita ma tana can gabanta yana faɗuwa. Zan gaishe shi kafin mu fara, zan gaishe shi in mun gama.

Ya Allah Ka jiƙan Inna, Ka jiƙan Baba, Ka mayar masa da jinsa da ƙarfin hannunsa a gidan da ba a rabon ruwa. Ka saka wa Inna da Aljanna a kan kowace kunya da ta taka saboda mu. Ka tsare kaina, Ka tsare kan abokin karawata, Ka fitar da mu a kan ƙafafunmu. Ya Allah, in ƙafa ta taho ranar Asabar, ba mai cafkar wuyan rigata. Ka ba ni ikon gocewa da kaina. Amin.

Wassalam.

Naki har mu haɗu,
Autanki.